Maƙwabtakar Zuciya da Maƙoshi: Yadda Ƙari a Zuciya Kan Hana Haɗiya

Ba safai mutum kan tuna da haɗiya ba sai ran da ta gagare shi. Tun daga wayewar gari har kwanciyar barci muna haɗiyar yawu da ruwa da abinci sau ɗaruruwa, ba mai ƙidayawa, ba mai lura. Amma ran da loma ta tsaya a ƙirji, ta ƙi gaba ta ƙi baya, ran nan ne mutum zai san ba ƙaramar baiwa Allah ya yi masa ba.

In ka tambayi 'yan ajinka abin da ke hana mutum haɗiya, wani zai ce ciwon wuya, wani ya ce ƙayar kifi, wani ya ce belu. Biyun farko sun faɗi daidai, na ukun kuwa za mu komo kansa nan gaba. Amma da wuya ka sami yaron da zai ce zuciya. To, ga shi kuwa likitoci sun gamu da mutanen da wahalar haɗiya ce ta fara kai su asibiti, da aka bincika sai aka tarar maƙoshinsu lafiya lau, ƙari ne ya tsiro a zuciya ya danne hanyar abinci. Abin ba shi da yawa ko kaɗan, likita ya kan yi aiki har ya tsufa bai ga ko ɗaya ba. Duk da haka ya kamata malami ya san shi, domin yana koya mana cewa inda ciwo ya ke kuka ba lalle ne nan ya ke zaune ba. Wanda ya gane wannan ba zai yi wasa da wahalar haɗiya wadda ta daɗe ba, ko a kansa ko a kan yaran da aka ba shi amana.

YADDA LOMA KE TAFIYA

A cikin wuya akwai hanya biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Ta gaba ita ce ta iska, watau maƙogwaro, mai zobba na guringuntsi waɗanda ke riƙe shi a buɗe kullum. Ta baya ita ce ta abinci, wadda za mu riƙa kira maƙoshi a cikin wannan bayani. Shi maƙoshi ba shi da ƙashi, ba shi da guringuntsi, tsoka ce zalla mai laushi, in ba kome cikinsa sai ya lafe kamar jakar da aka zazzage. Tsawonsa a jikin babban mutum wajen inci 10 ne, watau santimita 25.

Ɗora yatsa bisa zakaran wuyanka ka haɗiyi yawu. Za ka ji ya yi sama ya komo. A wannan ɗan lokaci ne wani ɗan marfi ke rufe bakin maƙogwaro don kada abinci ya faɗa hanyar iska. In marfin ya makara, sai mu ce mutum ya ƙware. Da loma ta shiga maƙoshi, sai tsokar da ke bayanta ta matse, ta gabanta ta saki, a yi ta tura ta ƙasa kamar yadda mai tatsa ke bin hantsar saniya da yatsu. Ruwa ya kan wuce nan da nan, amma loma mai ƙarfi ta kan yi wajen daƙiƙa 8 ko 10 kafin ta isa tumbi.

A kan hanyar nan tasa maƙoshi ba shi kaɗai ya ke ba. Ƙirji wuri ne mai cunkoso. A bayansa akwai ƙashin baya, wanda ba ya matsawa don kowa. A gabansa kuwa, da farko maƙogwaro ne, sa'an nan babbar jijiyar jini wadda ta fito daga zuciya ta lanƙwaso ta gitta shi, daga nan sai ita zuciyar kanta. Wanda ya tsaya kusa da mahauci ran Layya ya lura da yadda a ke ciro huhu da zuciya da maƙoshi a haɗe, ya riga ya ga wannan maƙwabtaka da idonsa.

GIDAN ZUCIYA

Zuciya gida ce mai sassa huɗu, biyu a dama, biyu a hagu. A ko wane gefe akwai na sama wanda ke karɓar jini, da na ƙasa wanda ke tura shi waje. Sunan da likitoci suka ba na sama sun aro shi ne daga Latin, kuma asalinsa sunan wurin da baƙo ke fara shiga ne a gidajen Rumawan dā. Don haka ba mu yi kuskure ba in mun kira shi zaure, na ƙasa kuma mu kira shi ɗaki. Jinin da ya gama zaga jiki yana shiga zauren dama, ya gangara ɗakin dama, a tura shi huhu ya sha iska. Daga huhu ya komo zauren hagu, ya gangara ɗakin hagu, a tura shi ko'ina a jiki. Tsakanin ko wane zaure da ɗakinsa akwai ƙyaure mai buɗewa gefe guda, don kada jini ya koma baya. Haka a ke yi wajen sau 70 a minti ɗaya, watau kimanin sau 100,000 ke nan a yini da kwana.

Abin lura a nan shi ne zaman zuciya cikin ƙirji. Ba a miƙe ta ke ba, a karkace ta ke, har ya zama zauren hagu shi ne can baya duka. Bangonsa na baya kuwa yana jingine da maƙoshi. Abin da ya raba su ɗan tantani ne da ɗan kitse, wanda a jikin mutane da yawa bai kai kaurin fensir ba. Ashe ko wace loma ka haɗiya, sai ta goga bayan zuciyarka kafin ta isa ciki. Hausawa sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. In zauren hagu ya kumbura, maƙoshi ne farkon wanda zai ji a jikinsa.

ƘARIN ZUCIYA

Ƙari shi ne tsiron nama inda bai kamata ba. Likitoci sun kasa shi kashi biyu. Akwai mugu, watau sankara ko ciwon daji, wanda ke cin naman da ke kewaye da shi, ya kuma aika iri zuwa waɗansu gaɓoɓi. Akwai kuma marar yaɗo, wanda ke zaune wuri ɗaya yana girma a hankali, ba ya cin maƙwabtansa. A kan wannan na biyu mu ke magana.

Zuciya tana cikin gaɓoɓin da ƙari bai cika tsirowa a cikinsu ba. A binciken gawawwaki da aka yi ta yi a asibitocin ƙasashe dabam dabam, kimanin mutum 2 cikin 10,000 a ke samu da ƙarin da ya faro daga zuciya. In an sami huɗu, wajen uku marasa yaɗo ne. A cikin manyan mutane, kusan rabin marasa yaɗon nan iri ɗaya ne, wanda a ke kira mikzoma. Sunan daga kalmar Girkanci ya fito mai ma'anar majina, saboda naman ƙarin yana da yauƙi da laushi, kamar romon ƙafar sa in ya kwana ya daskare. Ya fi kama mata bisa ga maza, ya kuma fi bayyana tsakanin shekara 30 da 60 da haihuwa. Wani bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, wani ya kai lemo, wani ma ya fi haka.

To, a ina wannan mikzoma ya fi son zama? A zauren hagu. Uku cikin huɗu a nan a ke samunsu, suna rataye da ɗan sili a jikin bangon da ya raba zauren hagu da na dama. Watau dai ƙarin da ya fi yawa a zuciya ya zaɓi sashen da ya fi kusa da hanyar abinci.

Akwai waɗansu iri bayan wannan. Akwai ƙarin kitse, akwai na tarin ƙananan jijiyoyin jini, akwai wani ɗan ƙarami mai gashi gashi da ke tsirowa bisa ƙyauren zuciya. Jarirai kuma suna da nasu na tsoka, wanda sau da yawa ya kan motse da kansa yayin da yaro ke girma.

Kada kalmar nan "marar yaɗo" ta ruɗe mu har mu ɗauka ba shi da haɗari. Jaki ba ya cin mutum, amma in ya kwanta a bakin ƙofar zaure ba mai shiga ba mai fita. Shi mikzoma yana lilo bisa silinsa, duk bugun zuciya sai ya faɗa bakin ƙyaure ya komo. In ya yi girma sai ya tare hanyar jini, mutum ya riƙa haki in ya yi 'yar tafiya, ya kasa kwanciya rigingine, ƙafafu su kumbura. Wani ya kan suma in ya sake zama ko kwanciya, domin ƙarin ya toshe ƙyauren ɗungum na ɗan lokaci. Wani kuma zazzaɓi marar tsanani ne zai yi ta damunsa, ga rama, ga ƙarancin jini, ga ciwon gaɓoɓi, har a yi ta ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro ko na tarin fuka ba sauƙi. Waɗannan su ne alamun da aka saba gani. Wahalar haɗiya tana can ƙarshen layi.

HANYA UKU DA ƘARIN KE HANA HAƊIYA

Hanya ta farko ita ce danniya. In ƙari ya tare ƙyaure, jini ya kan taru a zauren hagu, bangonsa ya yi ta miƙewa wata da watanni. Faɗin zauren hagu na mai lafiya bai cika wuce santimita 4 ba, amma in ya kumbura ya kan ninka haka. Gaba ba wuri, sai ya tura baya, ya matse maƙoshi a jikin ƙashin baya. Wani lokaci kuma ƙarin a wajen bango ya ke tsirowa, shi da kansa ya danna maƙoshi. Mai wannan ciwo zai ce maka loma tana tsaya masa a tsakiyar ƙirji, bayan ƙashi. Nama da gurasa da ɗumamen tuwo su ne za su fara gagararsa, sai ya kora da ruwa, alhali kunu da koko suna wucewa. A kwana a tashi sai ya rage ci don tsoro, ya fara zubewa.

Mai karatu zai ce, in haka ne, me ya sa abin bai yi yawa ba? Dalili shi ne maƙoshi ba a ɗaure ya ke tamau ba. In an tura shi ya kan zame gefe, ya ba da wuri, ya ci gaba da aikinsa. Mutane da yawa zauren zuciyarsu ya kumbura ƙwarai amma suna cin tuwonsu lafiya. Sai in ya rasa wurin zamewa, ya shiga tsakanin zuciya da ƙashin baya ko babbar jijiyar jini, sa'an nan ne haɗiya ke wuya.

Hanya ta biyu ta jijiyar murya ce. Jijiyar da ke kai umurni daga ƙwaƙwalwa zuwa maƙogwaro ta gefen hagu ba ta bi gajeriyar hanya ba. Sai da ta gangara cikin ƙirji, ta zaga ƙarƙashin babbar jijiyar jini dab da zuciya, kana ta hau wuya. In sassan zuciya da jijiyoyin da ke wurin suka kumbura, su kan matse ta. Sai murya ta dushe ba tare da mura ba, bakin maƙogwaro kuma ya daina rufuwa sosai, mutum ya riƙa ƙwarewa in yana shan ruwa. Wani likita na birnin Biyana a ƙasar Ostiriya, Norbert Ortner, shi ya bayyana wannan dushewar murya ta masu ciwon zuciya a 1897, har yanzu kuma da sunansa a ke kiranta.

Hanya ta uku ita ce mafi muni. Mun ce naman mikzoma laushi gare shi. Ɗan guntu ya kan ɓalle, jini ya kwashe shi. Tun da daga hagu jini ke tafiya ko'ina a jiki, guntun na iya zuwa ƙwaƙwalwa ya toshe wata jijiya, ɓarin jiki ya shanye. Kimanin ɗaya cikin uku na masu mikzoma su kan gamu da irin wannan ɓallewa, a ƙwaƙwalwa ko a wata gaɓa. Haɗiya kuwa aiki ne da ƙwaƙwalwa ke tsarawa, shi ya sa kusan rabin waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye su kan sha wahalar haɗiya a kwanakin farko. Saboda haka in saurayi ko budurwa, marar hawan jini, ya wayi gari da shanyewar jiki, likita mai lura ya kan sa a duba zuciyarsa.

YADDA AKA KAI GA GANEWA

An daɗe da sanin cewa maƙwabci na iya shaƙe maƙoshi. A 1761 wani likita a Ingila, David Bayford, ya buɗe gawar wata tsohuwa wadda ta yi shekaru tana fama da haɗiya har yunwa ta kashe ta. Bai sami kome cikin maƙoshinta ba, sai wata jijiyar jini wadda tun haihuwa ta bi hanyar da ba tata ba, ta gitta shi ta matse. An buga bayaninsa a 1794. Amma a zamanin nan sai bayan mutuwa a ke ganin irin wannan, haka kuma ƙarin zuciya.

Abin ya fara sakewa bayan da aka gano hoton da ke ratsa jiki a ƙasar Jamus a 1895. Likitoci suka koyi ba majinyaci wani farin kunu mai kama da alli, wanda a ke kira bariyam, ya haɗiya a ɗauki hotonsa ta gefe. Kunun ya kan fito fari fat a hoto, in kuwa zauren hagu ya kumbura sai a ga maƙoshi ya lotsa daidai wurin. A 1952 a Amurka aka fara gane mikzoma a jikin mai rai, ta hanyar zuba wani ruwa cikin jini wanda ke fitowa a hoto.

Ganewa dabam, cirewa dabam. Ba yadda za a buɗe zuciya tana cike da jini tana bugawa. Ran 6 ga Mayu 1953, a birnin Filadalfiya na Amurka, Dakta John Gibbon ya yi nasarar aiki da wani inji wanda ke karɓar aikin zuciya da huhu na ɗan lokaci, ya ba likita damar buɗe zuciya ya gyara. Shekara guda bayan haka, a 1954, Dakta Clarence Crafoord na birnin Sitokholm a ƙasar Suwidin ya yi amfani da irin wannan inji ya cire mikzoma daga zauren hagu na wata mace. Ta tashi, ta kuma rayu shekaru masu yawa bayan aikin. Wannan shi ne karo na farko.

A ƙasar Suwidin ɗin dai, a garin Lund, a 1953, wani likita mai suna Inge Edler da wani masanin kimiyya mai suna Hellmuth Hertz suka aro wani inji daga ma'aikatar ƙera jiragen ruwa, wanda a ke neman tsaga cikin ƙarfe da shi. Injin yana aika sauti mai kaifi wanda kunne ba ya ji, ya saurari amsa kuwwarsa. Suka ɗora shi bisa ƙirji, sai ga motsin bangon zuciya ya fito. Daga nan ne hoton sauti na zuciya ya samo asali, wanda ma'aikatan asibiti ke kira eko.

BINCIKE DA MAGANI

Yau in mai wahalar haɗiya ya je asibiti, likita zai fara da tambaya: yaushe ta fara, abinci mai ƙarfi ne ko har da ruwa, a wuya ta ke tsayawa ko a ƙirji, akwai rama, akwai haki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, sai a faɗa masa duka, har abin da a ke gani bai shafi maƙoshi ba. Zai saurari ƙirji, domin mikzoma wani lokaci yana da 'yar ƙararsa ta faɗuwa wadda kunnen gwani ke kamawa. Sa'an nan a yi hoton bariyam, ko a zura siririn bututu mai fitila a leƙa cikin maƙoshi. In an ga fatar ciki lafiya amma bango ya turo daga waje, har yana motsi tare da bugun zuciya, to, sai a juya wajen maƙwabci, a yi eko. Ba ya ciwo, ba a huda jiki, cikin 'yan mintoci kuma za a ga ƙarin yana lilo.

Wani abin sha'awa, maƙwabtakar nan da ke jawo wahala ita ce kuma likitoci suka mai da abin amfani. Tun daga shekarun 1970 suka fara zura kan injin eko cikin maƙoshi, su tsai da shi daidai bayan zauren hagu. Daga nan ba haƙarƙari ba huhu a tsakani, sai hoton ya fito tangaran, har silin ƙarin a gani.

Magani ɗaya ne, watau aikin tiyata. Ba ƙwaya, ba allura, ba sassaƙe da ke narkar da mikzoma. A kan cire shi da silinsa da ɗan bangon da ya tsiro a kai, kuma ba a son jinkiri da zarar an gane shi, don gudun toshewa ko ɓallewa. Galibin waɗanda aka yi wa aikin su kan warke sarai, haɗiya ta komo daidai da zarar danniya ta kau. Waɗanda nasu ke sake tsirowa ba su wuce 2 ko 3 cikin 100 ba. Sai dai akwai wani iri na gado, wanda bai kai ɗaya cikin goma ba, mai kama matasa, mai zuwa da ɗige ɗigen baƙi a leɓe da fuska. Dakta Aidan Carney ne ya bayyana shi a Amurka a 1985. Shi wannan ya fi komowa, don haka a kan duba 'yan'uwan mai shi.

A Nijeriya an fara aikin buɗe zuciya a asibitin koyarwa na Jami'ar Nijeriya da ke Inugu a 1974. Yanzu akwai asibitoci da dama a ƙasar da ke yinsa, ko da ya ke kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka in ba da taimako ba.

ABIN DA YA FI YAWA A WAJENMU

Kada wanda ya karanta wannan ya ji tuwo ya tsaya masa yau da dare ya ce ƙari gare shi a zuciya. Abubuwan da suka fi hana haɗiya su ne kumburin wuya, da ƙaya ko ƙashi, da tabon da ƙwannafi mai daɗewa ke bari, da maƙoƙo in ya yi girma, da shanyewar jiki, da sankarar maƙoshi ga manya. Akwai kuma sodar da a ke dafa sabulu da ita. In an ajiye ruwanta cikin kwalba yaro ya ɗauka abin sha ne, ta kan ƙone maƙoshi, bayan 'yan makonni tabon ya tsuke hanya. Yaron da ya sha soda kada a sa shi amai, a kai shi asibiti nan take.

Ko a cikin masu kumburin zauren hagu ma, ƙari ba shi ne kan gaba ba. A ƙasashenmu abin da ya fi kumbura wannan zaure ciwo ne da ke farawa a ajin firamare. Wata ƙwayar cuta ta kan kama wuyan yaro mai shekara 5 zuwa 15, ya yi zazzaɓi, haɗiya ta yi masa zafi. In ba a yi magani ba, waɗansu yaran bayan mako 2 ko 3 sai gaɓoɓinsu su kumbura, ciwon ya tashi daga gwiwa ya koma idon sawu ko gwiwar hannu. A ɓoye kuwa ƙyauren zuciya ne ke ƙuna. Bayan shekaru ƙyauren ya tsuke, jini ya taru, zauren hagu ya buɗe, daidai yadda mikzoma ke yi. Lissafin 2019 ya nuna kimanin mutum miliyan 40 ke da wannan ciwo a duniya, yana kuma kashe wajen 300,000 a shekara, galibi a ƙasashe matalauta. A 2018 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri a kan yaƙi da shi. Rigakafinsa kuwa ba wuya: allurar fenisilin guda, ko ƙwayoyinta na kwana 10, tun ciwon yana wuya.

AIKIN MALAMI

Malami ba likita ba ne, amma a ƙauyuka da yawa shi a ke fara tambaya. Ga abin da zai iya yi.

Na ɗaya, ya lura da yaron da ke jinkiri wajen cin abinci, ko mai kora ko wace loma da ruwa, ko wanda ke ramewa, ko mai haki a filin wasa fiye da tsaransa. Yaro mai ciwon wuya da zazzaɓi a tura shi asibiti, kada a jira gaɓoɓi su kumbura.

Na biyu, ya san alamun da ba a jira da su. Wahalar haɗiya wadda ta wuce mako 2 ko 3, ko wadda ke ƙaruwa, ko wadda ta zo da rama, ko haki, ko kumburin ƙafa, ko dushewar murya, ko suma, duk ta likita ce. Wanda ya kasa haɗiyar yawunsa kuwa, ko bakinsa ya karkace, ran nan za a kai shi, ba gobe ba.

Na uku, maganar belu. Al'ada ce a wurare da yawa in haɗiya ta yi wuya a kira wanzami ya yanke belu. Malami ya yi wa iyaye bayani da ladabi, ba da raini ba, cewa belu halitta ce da kowa ke da ita, kuma yanke ta ba ya buɗe hanyar da ta toshe can cikin ƙirji. Abin da a kan samu shi ne zubar jini, da cutar da aska ke ɗaukowa daga wani zuwa wani, da ɓata kwanakin da ya kamata a yi a asibiti.

Na huɗu, ya koyar da darasin a aji yadda zai zauna. A samo guntun tubun keke, da balan-balan, da tsakuwa mai santsi. A jingina tubun a bango, bangon shi ne ƙashin baya, a riƙe balan-balan a gabansa, shi ne zauren hagu. Yaro ɗaya ya tura tsakuwar ta cikin tubun da yatsu, ta wuce. Sa'an nan a ƙara hura balan-balan a danna, a sake gwadawa. Yara za su ga tubun yana zamewa gefe da farko, in an hana shi zamewa kuma tsakuwar ta tsaya, alhali in an zuba ruwa yana wucewa. Sai malami ya tambaye su, laifin tubu ne? Yaron da ya ba da amsar wannan da bakinsa ba zai manta ba, wata rana kuma shi ne zai ce a kai uwarsa ko ƙanensa asibiti tun da sauran lokaci.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.